Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ƙungiyar Kwastam Ta Duniya: Mutum Nawa Ke Riƙe Da Makullin Bayananmu?

Zuwa ga Babban Sakatare, Mista Ian Saunders,
da shugabannin hukumomin kwastam na ƙasashen da ke cikin ƙungiyar,
Brussels, Beljiyam.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna lafiya, ku da waɗanda kuke aiki tare. Ni ƙaramin ɗan kasuwa ne, na daɗe ina sayo kaya a wata ƙasa ina kaiwa wata, kuma fasfo ɗina ya sha hatimi a iyakoki da dama. Ban zo da ƙorafin kuɗin fito ba, ba kuma neman sassaucin bincike ya kawo ni ba. Tambaya ɗaya ce ta daɗe tana cin raina, na yi ta a ofisoshi ban sami mai amsa ta ba, shi ya sa na kawo ta gabanku a bainar jama'a. Abin da jami'anku suka rubuta a kaina cikin kwamfutocinsu, mutum nawa ne ke iya buɗe shi? Kuma ranar da ɗayansu ya buɗe ba don aiki ba, wa zai sani?

Bari in faɗi abin da ya haifar da tambayar. Wata shekara ina da kwantena a kan ruwa, saura kwanaki ta iso, sai wayata ta yi ƙara da lambar da ban sani ba. Mai kiran ya ambaci sunana cikakke yadda yake a fasfo, har da na tsakiya wanda ko abokaina ba su san da shi ba. Ya karanto lambar kwantenar, ya faɗi yawan katan ɗin da ke ciki, ya faɗi sunan wanda ya turo mini. Sannan ya ce an sa wa kayan alamar tsarewa, amma in na tura wani abu zuwa wani asusu kafin yamma, za a cire. Abin da ya sanyaya mini jiki shi ne adireshin da ya karanto. Akwai kuskuren harafi guda a sunan titin, kuma wannan kuskuren a takarda ɗaya tak yake a duniya, takardar bayanin kaya da wakilina ya shigar. Ban tura komai ba. Kayan suka iso, babu wata alamar tsarewa a kansu.

Na je ofishin da abin ya shafa, ba zan faɗi ƙasar ba balle ofishin, don ban san ko laifinsu ne ba. Takardar ta bi ta hannun wakilin fito, da kamfanin jirgin ruwa, da banki, da tashar, da kwastam. Na roƙi abu ɗaya, a duba mini su wa suka buɗe fayil ɗina a wannan makon. Wani dattijon jami'i, mutumin kirki, ya ba ni kujera, ya saurare ni har ƙarshe. Maimakon amsa sai ya nuna mini gefen allon kwamfutar da ke tsakiyar ɗakin. Wata 'yar takarda ce aka manna da salatif, bakinta ya naɗe don daɗewa, an rubuta suna da kalmar sirri da biro. Ya ce, "Alhaji, mu duka da wannan muke shiga, na safe da na dare. Ko na duba maka, suna ɗaya zan gani." Na gode masa da gaskiyar da ya faɗa mini, na fito ina jin kamar an bar ƙofar ɗakina a buɗe a tsakiyar kasuwa.

A da, ranku ya daɗe, mai binciken kaya jaka yake buɗewa. Ya zazzage, ya duba, ya ja alli a gefe, ka wuce, kafin dare ya manta fuskarka. Yau jakar ce ƙaramin abin da ake bincika. Tun kafin ka isa ƙasar da za ka kamfanin jirgi ya tura bayanan fasfo ɗinka, abin da ake kira API, wanda ƙuduri mai lamba 2178 na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya nema a 2014. A Disambar 2017 ƙuduri mai lamba 2396 ya ɗora wa ƙasashe tattara PNR, wato duk abin da ka bari a wurin yankar tikiti: lambar waya, imel, katin da aka biya da shi, wanda ya biya, wanda kuka yanki tikiti tare, kujerar da ka zauna, yawan jakunkunanka. In ka nemi keken guragu, an san kana da lalura. In ka zaɓi wani nau'in abinci a jirgi, ana iya gane addininka. Wannan na cikin dalilan da suka sa Kotun Tarayyar Turai, a ranar 26 ga Yulin 2017, ta ce ba za a ƙulla yarjejeniyar musayar irin waɗannan bayanai da Kanada ba a yadda aka tsara ta. Ta ɓangaren kaya kuma, manhajar kwastam ta ASYCUDA da UNCTAD, hukumar ciniki da raya ƙasa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fara a farkon shekarun 1980 tana aiki a ƙasashe kusan ɗari, tana riƙe da sunayen masu shigo da kaya, da adireshinsu, da darajar abin da suka saya. Tun Maris na 2021 tsarin ICS2 na Tarayyar Turai ya fara karɓar bayanan ƙunshin da ake aikawa ta gidan waya kafin a loda su a jirgi, don haka uwar da ta aika wa ɗanta ɗalibi 'yan tufafi ita ma sunanta ya shiga.

Ba na adawa da tattara waɗannan bayanai, ina so a fahimce ni. Na san abin da makaman fasa-ƙwauri suke yi wa garuruwa, na san abin da jabun magani yake yi wa mara lafiya. Ba za a iya buɗe kowace kwantena ba, dole a zaɓa, kuma zaɓen sai da bayani. Kwamfuta ta kuma rage mana tsayuwa gaban tebur goma, kowanne da hannunsa a miƙe. Sanarwar Arusha da ƙungiyarku ta fitar a 1993, ta sabunta a 2003, ta lissafa amfani da na'ura cikin hanyoyin yaƙi da cin hanci, kuma ta yi gaskiya. Sai dai bayanan da muka ba ku amana ce, mun ba da ita ne ba da zaɓinmu ba, domin wanda ya ƙi bayarwa ba zai hau jirgi ba, kayansa ba za su fito ba. Amanar da aka karɓa ta dole ta fi kowace nauyi.

Kada a ce wannan matsalar ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ce da 'yar takarda a gefen allo. A Satumbar 2022 Sanata Ron Wyden na Amurka ya rubuta wa hukumar kwastam da tsaron iyakokin ƙasarsa wasiƙa, ya bayyana cewa ana kwafe bayanan wayoyi da kwamfutocin matafiya har kusan 10,000 a shekara, lambobin mutane da saƙonni da hotuna, a zuba su a rumbu ɗaya, a ajiye shekara 15. Jami'ai kusan 2,700 ne ke iya bincika wannan rumbu ba da sammacin kotu ba, kuma ba sai sun rubuta dalilin binciken ba. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce zuciyar wasiƙata. Makulli dubu biyu da ɗari bakwai, babu mai tambayar wanda ya buɗe me ya kai shi. A cikin wayar mutum ɗaya kuwa akwai matarsa, da likitansa, da wanda yake bin sa bashi, da ɗaruruwan mutanen da ko iyakar ba su taɓa zuwa ba.

An kuma ga abin da hakan ke haifarwa. A 2017 wani jami'in wannan hukuma ya zauna da wata 'yar jarida a birnin Washington yana karanto mata tafiye-tafiyen da ta yi da wanda suka yi tare, yana neman sanin majiyoyinta. Daga rumbun gwamnati ya samo su. Babban mai binciken ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka ya bi sawun lamarin, masu gabatar da ƙara kuma ba su gurfanar da kowa ba. Idan 'yar jaridar da ke da manyan kafofin yaɗa labarai a bayanta ta ga haka, ina ga direban babbar mota da ya yi sa'insa da jami'i a kan iyaka, ko matar da ta gudu daga mijin da ke dukanta alhali yana da aboki mai kaki?

Akwai kuma 'yan kwangila, waɗanda ba su yi rantsuwar kama aiki ba amma suna taɓa komai. A 2019 kamfanin Perceptics, mai haɗa na'urorin karanta lambar mota a iyakokin Amurka, ya kwafi hotunan matafiya zuwa kwamfutocinsa ba da izini ba, 'yan kutse suka fasa suka kwashe. Rahoton babban mai bincike na Satumbar 2020 ya ce hotuna kusan 184,000 abin ya shafa, an kuma ga aƙalla 19 a ɓoyayyun shafukan intanet. Kalmar sirri ana canza ta in ta fita, fuska fa? A Birtaniya, cikin Oktobar 2007, wani ƙaramin ma'aikacin hukumar haraji da kwastam ya zuba bayanan mutum miliyan 25 a faifai biyu, sunaye da adireshi da ranakun haihuwa da bayanan banki, ya aika wa ofishin binciken kuɗin gwamnati. Faifan ba su isa ba, shugaban hukumar ya ajiye aiki. Bayanan tallafin yara ne, ba na kaya ba, amma abin tambaya ɗaya ne: ta yaya aka gina tsarin da mutum ɗaya daga ƙasan tsani zai iya sauke kusan rabin al'ummar ƙasa a faifai? A tashar Rotterdam kuwa, a 2017 kotu ta yanke wa wani jami'in kwastam ɗaurin shekara 14. Yana aiki ne a sashen da ke tantance kwantenar da za a bincika, sai ya riƙa share wa masu safarar hodar iblis hanya daga kujerarsa. Da ɗan gari akan ci gari, kuma ku kun fi ni sanin cewa masu manyan laifuka sun daina neman mai gadin ƙofa, mai kalmar sirri suke nema.

Wani yoyon ma doka ce ta huda shi. A Amurka takardun lodin jiragen ruwa a buɗe suke ga jama'a, kamfanoni suna tattara su suna sayarwa, sai in mai kaya ya nemi a sakaya sunansa, kuma ya riƙa sabunta buƙatar duk shekara biyu. Babban kamfani mai lauyoyi ya san da wannan. Iyalin da suka loda kayan ɗakinsu za su koma gida ba su sani ba, har lambobin fasfo na wasu suka riƙa fita ta wannan hanya, sai a 2024 aka sa hannu a dokar da ta umarci a cire su.

Yanzu kuma ƙofofin ƙaruwa suke yi. Yarjejeniyar sauƙaƙa kasuwanci ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, da ta fara aiki a Fabrairun 2017, tana ƙarfafa ƙasashe su buɗe taga ɗaya inda ɗan kasuwa zai shigar da takardunsa sau ɗaya. Na ji daɗin wannan ƙwarai, ya rage mana yawo. Amma taga ɗaya daga waje, daga ciki ɗaki ne mai ƙofofi da yawa: masu kula da magunguna, da na aikin gona, da na haraji, da 'yan sanda, da bankuna, da masu tasha. Daga nan bayanin ya tsallaka zuwa wata ƙasa da sunan taimakon juna, ita ma ta miƙa wa ta uku. Duk inda ya je an ƙara masa makullai, kuma babu wanda ke riƙe da lissafinsu.

Abin da ya sa na rubuto muku, ban tsaya ga majalisar wata ƙasa ba, shi ne wannan. Kwastam ta bambanta da sauran ma'aikatu, domin da yawa daga cikin waɗanda take rubuta sunayensu baƙi ne. Ba su da ƙuri'a a ƙasar, ba su da ɗan majalisa, wasu ko harshen ba sa ji. Dokar kare sirri ta Amurka ta 1974, alal misali, 'yan ƙasa da masu takardar zama ta dindindin ta rufa wa asiri. Kowace ƙasa nata take karewa, in ma ta kare, alhali kowannenmu baƙo ne da zarar ya ƙetare iyaka. Ni sunana irin wanda dubban mutane ke amsawa ne. Sau uku ana ware ni gefe a filin jirgi ɗaya, a zaunar da ni a ɗaki mai kujerun roba har jirgin da zan canza ya tashi, a ƙarshe a miƙo mini fasfo a ce in tafi. A karo na uku wata jami'a ta ce mini a hankali, sunana ya yi kama da na wani. Na tambaye ta inda zan rubuta a gyara. Ta ce ba su suka shigar ba, daga wata ƙasa ya zo. Wace ƙasa? Ba a ba ta izinin faɗa ba. Kuskuren da wani ya buga cikin minti ɗaya yana iya bin mutum shekara goma sha biyar, yana tsallaka iyakoki da sauƙin da shi mai sunan bai taɓa samu ba.

Ba sabon abu nake nema ba, akwai inda aka gwada. Rumbun fayilolin binciken kwastam na Tarayyar Turai yana da wa'adi a rubuce: sunan wanda ba a same shi da laifi ba ba ya wuce shekara 3, wanda aka tabbatar da laifin amma ba a yanke hukunci ba shekara 6, wanda aka hukunta shekara 10. A ranar 21 ga Yunin 2022 Kotun Tarayyar Turai ta ce ajiye bayanan dukkan fasinjoji shekara 5 ya wuce kima, bayan wata shida sai a riƙe na wanda akwai dalili a kansa kaɗai. Ƙasar Estoniya ta buɗe wa jama'arta shafi tun 2017 inda mutum zai shiga ya ga wace hukuma ta duba bayanansa a rumbuna da dama na gwamnati, da rana da lokaci. Ku kanku, da kuka kafa rumbun CEN a 2000 don musayar labarin kamen kaya, kun gina shi ne ba da sunayen mutane ba. Wannan hikima ce, kuma ta nuna kun san haɗarin tun da wuri. Sai dai manhajar nCEN da kuke ba ƙasashe tana ɗaukar sunaye, kuma ba kowace ƙasa ce ke da doka ko hukumar da za ta sa ido ba. Yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka kan kare bayanai an amince da ita a 2014, ba ta fara aiki ba sai 2023. Bayanan ba su jira waɗannan shekaru tara ba, tattara su aka ci gaba da yi.

Roƙona gare ku shi ne ku sa wannan a cikin ƙa'idojinku, kamar yadda kuka sa lambobin rarrabe kaya da duniya duka ke bi. Kowane jami'i ya shiga da sunansa shi kaɗai, kalmar sirrin ɗaki guda ta zama laifin da ake hukunta shugaban ɗakin a kai. Duk buɗewa ta bar sawu: wane ne, yaushe, don wane aiki, kuma sawun ya kasance a inda wanda ya taka ba zai iya share shi ba, ko da shi ne shugaban hukumar. Mai tantance kwantena ba shi da hurumin ganin tafiye-tafiyen mutum, ɗan kwangila ba shi da hurumin fita da kwafi. Kuma wanda zai riƙa duba sawun nan ya fito daga wajen hukumar, alƙali ko kwamishinan kare bayanai, yana ɗaukar samfuri ba tare da sanarwa ba, yana buga wa jama'a kowace shekara adadin waɗanda aka kama suna leƙe da abin da aka yi musu. Hukumar da ta ce shekara ta wuce ba ta kama kowa ba, ni a ganina ba ta duba ba ne.

Mafi muhimmanci a wurina, mai bayanin ya sami damar tambaya, ɗan ƙasa ne ko baƙo. Ya rubuto, a ba shi amsa cikin wa'adi sananne: ga abin da muke da shi a kanka, ga ofisoshin da suka duba, ga ƙasashen da muka tura wa, ga ranar da za mu goge. In kuskure ne a gyara, gyaran kuma ya bi duk hanyar da kuskuren ya bi.

Na san abin da za a ce, wai in aka gaya wa mutum an duba shi, mai laifi zai gane ana bin sawunsa. Gaskiya ne, kuma ba na neman a tona binciken da ke gudana. A jinkirta amsar wanda ake bincika, alƙali ya sa hannu a kan jinkirin, ya ɗora masa wa'adi. Amma waɗanda ake bincika 'yan ƙalilan ne a cikin miliyoyin da ke ƙetare iyaka kowace rana, bai dace a rufe wa kowa ido saboda su ba. Za a kuma ce kuɗi. Rubuta wanda ya shiga da lokacin da ya shiga abu ne da kusan kowace manhajar rumbu ke iya yi, bankuna suna yi wa ma'aikatansu. Abin da ya rage shi ne a kunna, a kuma sa mai karantawa. Jami'in kirki ma kariya ce gare shi, domin ranar da bayani ya fita, dattijon nan da ya ba ni kujera ba shi da abin da zai wanke kansa da shi, sunansa da na ɓarawon ɗaya ne a cikin na'ura.

Taken Ranar Kwastam ta Duniya ta 26 ga Janairun 2022 a kan rungumar al'adar aiki da bayanai kuka gina shi. Ina roƙon ku kawo ɗaya rabin maganar gaban babban taron majalisarku na watan Yuni, inda shugabannin hukumomi sama da 180 ke zama: kowace hukuma ta faɗi adadin mutanen da ke iya buɗe bayanan matafiyi ko ɗan kasuwa a wurinta, ta kuma faɗi ko za ta iya nuna sunan wanda ya buɗe na ƙarshe. Ku kuma sa wannan ya zama sharaɗi kafin ku miƙa wa wata ƙasa manhajar da ke ɗaukar sunayen mutane.

Har yau akan kira ni lokaci-lokaci in ina da kaya a hanya, muryoyi daban-daban, kuma har yau da wancan kuskuren harafin suke karanto adireshina. Ina jiran amsarku, a fili kamar yadda na rubuto a fili.

Na gode, Allah Ya taya ku riƙo.

Naku cikin girmamawa,
Wani ɗan kasuwa mai yawan ƙetare iyaka.